Me ya hana a ja dogon layin DC daga Arewa zuwa Legas a kai wutar sola?

Ɗan Funtuwa

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga injiniyoyi da masu aikin layi da ke cikin wannan zaure. Kowa ya san rana ta fi ƙarfi a Katsina, Sakkwato da Yobe fiye da bakin teku, ga kuma fili har ido ya gaji. Manyan masana'antu da masu iya biyan kuɗin wuta kuwa sun fi taruwa a Legas da Ogun. Na karanta cewa a ƙasar Sin akwai layin DC daga Changji da ke Xinjiang zuwa Guquan da ke Anhui, tsawonsa ya haura kilomita 3,000, yana ɗaukar megawat 12,000. Wato layi ɗaya tal ya ninka abin da babban layin Najeriya ke ɗauka fiye da sau biyu. To me ya hana mu shimfiɗa manyan gonakin sola a Arewa, mu ja irin wannan layi zuwa Kudu? Ina so a yi mini bayani dalla-dalla: AC, wato wutar da ke kai-da-komo a waya, ya dace ko DC mai tafiya hanya ɗaya, ta ina ake farawa, shekara nawa yake ci, kuma a ina aikin ya fi lalacewa. Allah ya ƙara basira.

Injiniya Mai Rile

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar tana kan hanya, amma a halin da babban layinmu yake ciki, ba da DC ya kamata a fara ba. Bari mu bi lissafin.

Asarar da ake yi a waya zafi ce, kuma yawan amfiya take bi, wato yawan wutar da ke gudana a cikin wayar. Idan amfiya ta ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Tura megawat 1,000 a kan kV 132, wato bolt 132,000, yana buƙatar amfiya kusan 4,400, a kan kV 330 kuwa kimanin 1,750. A waya iri ɗaya, asarar ta ragu fiye da sau 6 ke nan. Abin da ya sa ake ɗaga bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, kafin a yi doguwar tafiya ke nan, a sauke shi idan an iso gari.

Sai dai a dogon layin AC ba zafin waya ne ke fara tsayar da kai ba. Kowane layi yana da nauyin da ya yi masa daidai, inda bolt ba ya hawa ba ya sauka daga farko har ƙarshe. Ga layin 330 mai waya bibbiyu a kowane fes (layin AC hanyoyin wuta uku gare shi, kowace ana kiranta fes), wannan nauyi bai wuce megawat 350 zuwa 400 ba, ga na 132 kuma kamar 45. Gajeren layi na kilomita 80 zai ɗauki ninkin wannan har sai zafin waya ya hana. Da ya kai kilomita 500 sai ya dawo kan nauyinsa na asali, idan ya wuce nan ma ya gaza haka. Ka matsa masa, bolt ya zube a ƙarshen layi, injinan da ke wannan kai da na wancan kai su daina juyawa tare, rile, wato na'urar da ke gadin layi, ya buɗe bireka ya yanke wuta. Da tsakar dare kuma, lokacin da masu amfani suka ragu, akasin haka ne ke faruwa: layin da kansa yake haifar da wata rarar wuta da ba ta yin aikin amfani, kusan MVAr 0.4 a kowace kilomita, sai bolt ya yi ta hawa a ƙarshensa har ya wuce abin da taransfoma za ta jure. Dole a sa na'urar da ake kira riyakta a tashoshi ta shanye wannan rarar, a sa wata mai suna kafasita ta tallafa lokacin da nauyi ya yi yawa, a kuma gina tasha a tsakani duk bayan kilomita 200 zuwa 300.

DC ba shi da wannan ciwon kai. Waya biyu yake buƙata a madadin uku, turakunsa sun fi sauƙi, asararsa kimanin kashi 3 cikin 100 ce a kilomita 1,000. Tsadarsa tana kawunansa biyu, wato tashoshin da ke juya AC zuwa DC da masu mayar da shi. Kowace ɗaya tana cin ɗaruruwan miliyoyin dala, tana kuma cinye kusan kashi 1 cikin 100 na wutar. Shi ya sa sai tafiya ta kai kilomita 600 zuwa 800 kafin DC ya fi AC araha. Idan tsawo kaɗai za a duba, Katsina zuwa Legas ta cancanta.

Ga inda gizo ke saƙar. Babban layin Najeriya yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 yake ɗauka, mafi yawan da ya taɓa kaiwa bai cika 6,000 ba. A ce ka gina layin DC na megawat 2,000, tsawa ta faɗa masa da rana tsaka ya fita. Ka rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutar ƙasa a ƙasa da daƙiƙa guda. Ko waya ɗaya ce ta fita, megawat 1,000 ne, kuma ba mu da injinan da ke juyawa a jiran ko-ta-kwana da za su cike wannan giɓi. Bugun wuta, wato saurin kai-da-komon AC, zai faɗo daga 50 a daƙiƙa, ƙasa gaba ɗaya ta shiga duhu. Sin tana iya jure layin megawat 12,000 ne saboda a wurinta ɗan ƙaramin kaso ne na abin da take samarwa. Ƙa'idar ita ce kada ka gina abu ɗaya da ya fi ƙarfin abin da tsarinka zai iya rasawa ya tsaya da ƙafarsa.

Bayan haka, tsohon samfurin tashar juya wuta, wanda manyan layukan Sin da Brazil ke amfani da shi, sai ya jingina da babban layi mai ƙarfi a kowane kai. Idan bolt ya ɗan girgiza a ɓangaren karɓa, juyawar takan kuskure, wuta ta yanke na ɗan lokaci. Sabon samfuri yana aiki da layi mai rauni, har yana iya tayar da gari daga duhu, amma ya fi tsada.

Sannan layin DC kamar motar dare yake wadda ba ta sauke fasinja a hanya. Zai wuce ta kan Zariya, Kaduna da Minna ba tare da kowa ya samu ko kwan fitila ɗaya ba, domin kowane wurin sauka sai an gina masa tasa tashar juyawa. Alhali Kano da Kaduna su kansu ba su ƙoshi ba. Megawat 1,000 na farko na sola da za a samar a Arewa, Arewa ce za ta shanye shi. Ga kuma batun dare: gonar sola, idan aka baje abin da take bayarwa a kan awa 24, kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta ne. Layin biliyoyin dala da zai kwana babu kaya ba zai mayar da kuɗinsa ba.

Abin da nake gani ya dace shi ne a ƙarfafa layukan 330 masu zagaye biyu, wato layi biyu a kan turke ɗaya, a rufe su su zama zobe yadda kowane babban gari zai samu wuta ta hanya biyu, a rarraba gonakin sola na megawat 50 zuwa 200 kusa da tashoshin da ke akwai, da batir a gefensu. Sannan a haɗa su da dam-dam ɗin jihar Neja. Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru idan aka tara sun haura megawat 2,600 a takarda. Da rana a rage sakin ruwa sola ta ɗauki nauyi, da magariba a buɗe. Wannan haɗi ne zai sa layi ya yi aiki dare da rana.

Tsohon Safiyo

Injiniya ya yi bayanin wuta. Ni kuma zan ɗauki ɓangaren ƙasa, ƙarfe da kankare, tunda Malam ya tambayi ta ina ake farawa.

Da zaɓen hanya ake farawa. Ana zana hanyoyi biyu ko uku a taswira, a bi su da ƙafa ko da jirgi maras matuƙi, a guje wa gari, maƙabarta, gandun daji, fadama da wurin haƙar ma'adinai. Ana son layi ya miƙe gwargwadon hali, don duk inda ya karya kwana sai an sa turke mai riƙe ja, wanda nauyinsa kan ninka na turken rataye sau biyu ko fiye. A layin 330 tazarar turke da turke kamar mita 400 ce, wato turke 5 a kowace kilomita 2. Ɗauki layin kilomita 200 mai zagaye biyu: turaku kusan 500, kowane na rataye tan 10 ko kusa da haka. Waya kuwa fes 6 ne, kowane bibbiyu, 12 ke nan. Wadda aka saba da ita a 330 a Najeriya ita ce Bison, alminiyom ne aka naɗe a kan zuciyar ƙarfe, kaurinta milimita 27, kowace kilomita kusan tan 1.4. Wayar kilomita 2,400 ke nan, tan 3,500 ko kusa, duk sai an shigo da ita an kai daji. Wanda bai tanadi hanyar shiga da mota ba kafin damina, ya yi asarar wata huɗu ko biyar.

Tushe shi ne wurin da ake fi yin ha'inci, domin da zarar an rufe rami babu mai gani. Kowane turke ƙafa huɗu ne, kowace da raminta. Mutane suna zaton nauyi ne ke danna tushe, amma idan iska ta bugi turke, ƙafafu biyu ne ake dannawa, biyu kuma tumɓuke su ake yi sama. Shi ya sa ake faɗaɗa gindin kankare, a mayar da ƙasa hawa-hawa ana dannewa. Idan aka zuba ƙasar kawai aka tafi, guguwar farkon damina za ta nuna. Dole a gwada ƙasar kowane wuri. Baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Gombe da Adamawa tana kumbura da ruwa, ta tsattsage da rani, tana motsa tushe. A nan sai an zurfafa an wuce inda danshi ke canzawa, ko a kafa ginshiƙai. Ƙarfen da ake binnewa cikin kankare, wanda turke zai hau kansa, da firam ake saita shi. Kuskuren santimita ɗaya ko biyu ya isa ya sa ramukan noti su ƙi haɗuwa a sama, sai ka ga ma'aikata suna faɗaɗa rami da wuta ko suna dukan ƙarfe da guduma. Nan take tutiyar da aka shafa wa ƙarfen ta tafi, tsatsa ta samu ƙofa. Kada a ɗora turke sai kankare ya yi aƙalla mako 2, kada a ja waya sai ya cika kwana 28.

Kowane turke sai an yi masa atin, wato a haɗa shi da ƙasa ta sandar ƙarfe da aka binne, a auna turjiyarsa ta sauka ƙasa da om 10. A kan dutse, irin na Filato ko kewayen Zariya, sanda kaɗai ba ta isa, sai an binne doguwar waya daga kowace ƙafa. Idan atin ya yi rauni, tsawa ta faɗa kan wayar kariya da ke can ƙololuwa, ba ta samun hanyar shiga ƙasa da sauri, sai ta tsallake insuleta, wato faifan gilashin da ke raba waya da turke, ta koma kan layi. Wannan wayar ta ƙololuwa yanzu da zaren gilashi ake yin ta a ciki, ta nan rilen tasha da tasha ke magana.

Jan waya ba a yin sa a ƙasa. Ana fara zura siririyar igiya ta kan kurayen da aka rataye a turaku, injin ja a kai ɗaya, injin birki a ɗaya kan, waya tana tafiya a sama ba ta taɓa ƙasa. Wayar da aka ja a kan tsakuwa ta kuje, za ta yi ta tsartsatsi da ƙara, tana asarar wuta duk rayuwarta. Wurin haɗa waya da waya da injin matsa ake yi, kuma idan hannun ƙarfen ciki bai zauna a tsakiya daidai ba, haɗin zai riƙe shekara biyu ko uku yana zafi, wata rana ya tsinke. Ba a yin haɗi a kan titi, kogi ko layin dogo. Sannan a saita yadda waya za ta sauko tsakanin turaku bisa zafin ranar da ake aikin, da ma'aunin zafi a hannu. Waya tana miƙewa da zafi, kuma dole ko a watan Afrilu da cikakken nauyi ta bar kamar mita 8 tsakaninta da ƙasa. Da an ɗaure ta a sa mata ƙarafan hana rawa nan da nan. Iska mai laushi da ke kaɗawa a fili ba tsayawa tana sa waya rawar da ido ba ya gani, zaruruwan alminiyom su yi ta karyewa a bakin maɗauri.

Insuleta kuma a ƙirga ta da hunturu a zuciya. Layin 330 yana ɗaukar faifan gilashi kamar 18 zuwa 20 a kowane jere. Ƙurar hunturu takan kwanta a kansu wata da watanni, ranar da raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanyar wuta, layi ya yi ta fita da asuba. Maganinsa a ƙara faifai ko a sa samfurin da ke da dogon siket. Ƙonan daji a ƙarƙashin layi ma haka yake yi, hayaƙi da harshen wuta suna sa iska ta ɗauki lantarki.

Na bar ɓarayi a ƙarshe don su ne suka fi ba ni takaici. Daga ƙarafan giciye na ƙasa suke fara kwancewa, turke yana tsaye kamar lafiya lau, sai iska ta zo ya durƙusa ya jawo na kusa da shi. Ana sa noti mai karyewar kai ko a yi walda daga ƙasa zuwa mita da yawa sama, ana sa turke mai riƙe ja duk bayan turaku goma ko sha biyar don faɗuwar ta tsaya a nan, ana kuma ajiye turakun gaggawa da ake haɗawa cikin kwanaki. Amma duk wannan rage asara ne kawai. Layin Damaturu zuwa Maiduguri da aka tayar wa bam a Janairun 2021, an gyara a Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake tayar masa. A Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarna, sai na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya fita, yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Zoben da Injiniya ya ambata, wannan ne amfaninsa.

Uwar Biyu

Sannunku da ƙoƙari, Injiniya da Baba Safiyo. Malam mai tambaya, ka ce shekara nawa. Ginin kansa, idan kuɗi da kaya suna ƙasa, layin kilomita 200 zuwa 300 bai wuce shekara 2 zuwa 3 ba. Abin da ke mayar da shi shekara 8 ko 10 fili ne da takardu, kuma a nan ne ake raina aikin.

Layin 330 yana da hurumin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132 kuma mita 30. A kilomita 200, hekta 1,000 ke nan, kuma kusan kowane taƙi yana da mai shi. Kafin a sa fartanya sai an yi binciken tasirin aikin ga muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992, a kuma ƙirga kowace gona, bishiya, rijiya da ɗaki. A ɗauki hoto, a rubuta suna, mai abu da mai unguwa su sa hannu, a sanar da ranar rufe ƙirga a bainar jama'a. Idan ba a sanar da wannan rana ba, ko aka bar shekara biyu tsakanin ƙirga da biya, za a dawo a tarar da sababbin gine-gine jere a kan hanyar layi, farashi kuma ya tashi, a koma ƙirga daga farko.

Akwai kuma saɓani tsakanin dokarmu da sharuɗɗan masu ba da bashi. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma a kan amfanin gona da gini take, ba a kan ƙasar ba. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka kuwa suna neman a biya abin da zai isa mutum ya maye gurbin abin da ya rasa, har da wanda ba shi da takarda, kuma a biya kafin a shiga fili. Sau da yawa bashin yana biyan ƙarfe da waya, diyya kuma daga aljihun gwamnati za ta fito. Kasafi ya makara, ɗan kwangila ya zauna da injinansa yana rubuta kuɗin zaman jira. Turke 10 da aka hana kafawa a cikin 500 sun isa su hana layin ɗaukar ko megawat ɗaya. A kula da gonakin gado da ba a raba ba, da matan da ke noma filin da ba sunansu a kai, da burtalin makiyaya. Wanda aka tsallake a biya, shi ne zai tare hanya gobe, kuma da gaskiyarsa. Garin da layi ya bi ta kansa a ba shi wuta, ko da ƙaramar sola ce. Mutanen da ke amfana su ne masu gadin da ba a biya.

Kenya ta ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri. Gonar iska ta Tafkin Turkana, megawat 310, ta kammala a 2017. Layin kV 400 na sama da kilomita 400 daga Loiyangalani zuwa Suswa bai iso ba sai Satumban 2018, saboda rikicin diyya da karyewar kamfanin da ke ginin. Fankoki na tsaye, ƙasa na biyan kuɗin wutar da ba ta sha ba. Ba Afirka kaɗai ba ce: layin SunZia a Amurka, kimanin kilomita 885, an fara neman izininsa tun 2006, ba a fara gini ba sai 2023. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 akwai ayyukan sola da iska na aƙalla gigawat 3,000 da ke jiran a haɗa su da layi. Gonar sola a shekara ɗaya ko biyu ake gama ta, don haka layi ne ya kamata ya riga ta da shekaru. Babbar taransfoma ma yanzu takan kai shekara 3 zuwa 4 daga oda zuwa isowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da aka sa hannu a kwangila a ba da odarta.

Na Maraɗi

Gaisuwa ga manya. Na yarda da Injiniya a kan Najeriya ta yau, amma kada a rufe ƙofar dogon layi, domin amsar matsalar da ya kawo ita ce a faɗaɗa tsarin ya wuce ƙasa ɗaya. Megawat 1,000 da zai kayar da ƙasa ɗaya, ba zai kayar da Afirka ta Yamma ba idan duk tana haɗe. Don haka aka kafa WAPP, hukumar haɗa layukan wutar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1999, kuma don haka ake gina layin 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu, da reshe zuwa Malanville a Benin, kusan kilomita 900, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022. Rana tana faɗuwa a Dakar fiye da awa ɗaya bayan ta faɗi a Kano, damina ba ta sauka ko'ina lokaci ɗaya, dam ɗin Gini na iya cike giɓin solar Sahel.

DC ma yana aiki a Afirka. Layin Inga zuwa Kolwezi a Kwango, kilomita 1,700, yana nan tun 1982. Na Habasha zuwa Kenya, daga Sodo zuwa Suswa, kilomita 1,045 ne a kan kV 500, ya fara aiki a 2022. Sai dai darasinsa yana goyon bayan Injiniya ta wani gefen: an gina shi don megawat 2,000, Kenya ta fara da sayen 200 kacal, gwargwadon abin da tsarinta da kasuwarta za su iya ɗauka.

Abin da mu a Nijar za mu ƙara shi ne amana. Har zuwa 2023, kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, mafi yawa daga Najeriya yake zuwa, ta layin 132 na Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. A Agustan 2023 aka yanke shi saboda takunkumi, bai dawo ba sai Maris na 2024. Cahora Bassa a Mozambik ma, layin sama da kilomita 1,400 zuwa Afirka ta Kudu, yaƙin basasa ya kwantar da shi shekaru masu yawa sai ƙarshen shekarun 1990 aka farfaɗo da shi. Layin da ya tsallaka iyaka yana buƙatar yarjejeniya mai haƙori: mai saye ya ajiye garantin banki don kada bashi ya taru, mai sayarwa kuma ya ɗaure kansa cewa rikicin siyasa ba zai taɓa bireka ba. Idan babu wannan, kowace ƙasa za ta gwammace ta ƙona gas da dizal mai tsada a gida.

Ɗan Funtuwa

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya, Injiniya. Tunda ɓarayi da rikicin fili ne ke kashe aikin, me zai hana a binne wayar a ƙasa? Kuma tsofaffin layukan da muke da su, babu yadda za a ƙara musu ƙarfi ba tare da sabon fili ba?

Injiniya Mai Rile

Binne AC mai nisa ba ya yiwuwa, Malam. Kebul ɗin ƙasa yana haifar da waccan rarar da na ambata ninki goma sha ko fiye a kan layin sama, don haka bayan 'yan gomman kilomita wayar ta cika da ita, babu sauran wurin wutar amfani. A cikin gari ko bakin tasha ake yin sa, gajere. DC ana binne shi, Jamus ma haka ta zaɓa wa SuedLink, kimanin kilomita 700 da zai kai megawat 4,000 na wutar iska daga arewacinta zuwa kudu, bayan jama'a sun ƙi turaku. Dokar 2015 ce ta sa aka koma binnewa, aka sake zana hanya, kuɗi ya ninka, aikin da aka so gamawa a 2022 ya koma 2028. Kuma binnewa ba ta raba ka da mai gona, don sai an tone rami tsawon hanyar, an hana gini da dasa bishiya a kai. Idan ya lalace, layin sama a kwana ɗaya ko biyu ake gano wurin a gyara, na ƙasa kuwa makonni.

Tambayarka ta biyu ta fi kusa da abin da za a iya yi bana. A gajerun layukan da zafi ne iyakarsu, ana sauke tsohuwar waya a ɗora sabuwa mai jure zafi wadda ba ta saukowa sosai, a kan turakun da ke nan, ta ɗauki kusan ninki biyu. Sai an fara duba turakun da tushensu, an canja maɗaurai, an tabbatar bireka da taransfomar tasha za su ɗauki ƙarin, in ba haka ba an matsar da matsalar ce kawai zuwa cikin tasha. Inda aka kafa turaku masu zagaye biyu aka rataya ɗaya, a rataya na biyun. A dogayen layuka kuwa sabuwar waya ba ta ƙara komai, tunda ba zafi ne ya tsayar da su ba. Su kafasita da ake ɗaurawa a kan layin kansa suke so, ko na'urar daidaita bolt a ƙarshen layi, kuma kafin a sa sai an sake saita rilen da ke auna nisan laifi na layin da na maƙwabtansa, don kafasita tana sa rile ya ga laifi kusa alhali yana nesa.